Inda Madogarin Baba Zai Juya

Bokiti na huɗu ke nan da Tela ta cika da kwalabe, har yanzu ba ta ga katakon kantar banɗakin ba. Ita ce babbar 'ya a gidan. Ɗinki take yi, shi ya sa kowa ke kiranta Tela, har mahaifiyarta. Tun safe ta rufe shago ta taho, tef ɗin awo na rataye a wuyanta don ta manta ba ta cire ba.

Mahaifinta ya yi kwana goma sha tara a asibiti. Ɓarin jikinsa ne ya shanye, amma an samu sauƙi, ya fara takawa da wani madogari na ƙarfe mai ƙafa huɗu. Likitar gashi, wadda ke koya masa tafiya, ta ce ba za ta sa hannu a sallame shi ba sai ta ga bidiyon banɗakin gidan: madogari ya shiga, ya juya, ga kujerar roba da zai zauna a yi masa wanka. Ta ce yawancin waɗanda ake dawo mata da su a banɗaki suke faɗuwa. Ƙarfe huɗu za ta tashi, daga nan ta tafi hutun mako guda. Shi kuwa Baba ya fara juya fuska ga bango, in an kawo abinci sai ya ce a gida zai ci.

Mama ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofar banɗakin da ke cikin ɗakinsu, ba abin da zai wuce ta ba a yi masa shari'a ba. Robar man shafawa da ta ƙare, ta ce za a zuba sabulun ruwa. Tsofaffin buroshin haƙori goma sha ɗaya, ta ce da su ake goge tsakanin tayal, alhali tsakanin tayal ɗin baƙi ƙirin yake. Guntayen sabulu da ta tara cikin safa, bahon da ya tsage, tawul da ya koma tsumma, maganin tari da ya lalace tun shekara shida, kowanne da lauyansa, kuma lauyan Mama ce.

A gidan nan ba a zubar da komai. Sauya wa kaya wuri ake yi, sai a ce an yi gyara. Tela ta san haka, kuma ta san in ta tsaya gardama rana za ta faɗi a kan kwalba ta goma. Saboda haka ta bi hanya mai sauƙi. Duk bokitin da ta cika sai ta kai ɗaya banɗakin, na cikin baranda, ta juye. Tun da yaran gidan suka yi aure aka daina shiga wannan, ya koma rumbu: injin wanki da ya mutu, fanka marar fuka-fuki, gwangwanayen fenti da suka bushe. Ta ƙara masa nata, ta tura ƙofar da kafaɗa ta rufe. Mama ta ce wannan ita ce tarbiyya.

Kafin ƙarfe biyu banɗakin ɗaki ya koma fes. Ta wanke ƙasa, ta goge madubi, ta ajiye kujerar roba. Tana tsane hannu sai ga ƙanenta, wanda ke tuƙa motar haya har ake kiransa Direba, ya shigo da madogarin a kafaɗa, an ba shi aro daga asibiti don a gwada. Ya leƙa ya yi fito, ya ce bai taɓa sanin tayal ɗin shuɗi ba ne.

Ya miƙa mata waya don ta ɗauki bidiyo, ya dafa madogarin ya nufi ƙofa. Ƙafafun gaba suka daki katakon ƙofar, dama da hagu. Ya ja baya ya sake gwadawa. Ya karkata shi ya shiga da gefe, amma dukkansu sun san Baba ba zai iya tafiya da gefe ba. Ya ce a cire ƙyauren. Tela ta duba ta ga ba ƙyauren ba ne, ramin ƙofar ne kansa ya yi kaɗan.

Direba ya dubi wuyanta. "Yaya, wannan tef ɗin ado ne, ko sabon yayi ne na teloli?"

Tela ta dubi tef ɗin. Ita da ba ta taɓa sa almakashi a yadin mutum ba ta auna ba, ta yi awa biyar tana aiki a kan ƙofar da ba ta auna ba. Ta zare tef ɗin. Madogari inci ashirin da biyar, ƙofa ashirin da uku. Ta fita baranda ta auna ɗaya ƙofar: ashirin da tara. Ta murɗa hannun ƙofar, baho ya gangaro ya daki ƙafarta, kwalabe suka biyo shi.

Mama ta fara lissafa dabaru. A mayar da kayan inda aka kwaso su. Tela ta ce wurin ba zai ɗauki rabinsu ba, balle injin wanki. A kai falo. Tela ta ce ta falo Baba zai bi. A kai ƙarƙashin gado. Direba ya ce ƙarƙashin gado ya cika tun yana makaranta. Nan Mama ta hasala. Ta ce su yaran yanzu komai shara ne a wurinsu, ita da irin wannan tattalin ta rene su, babu wanda ya taɓa kwana da datti a jikinsa a gidanta. Gaskiya ta faɗa, kuma ba ita ce maganar da ake ciki ba.

Tela ta durƙusa a gabanta, ta rage murya. "Mama, ba na raina wahalarki. Amma gobe ko kayan nan su kwana a gidan nan, ko Baba. Ke za ki zaɓa, ni ba zan taɓa ko murfin kwalba ba sai kin ce."

Mama ta daɗe tana kallon madogarin da ke tsaye a baranda babu kowa a cikinsa. Sannan ta tashi ta shige kicin. Suka ji tana jan wani abu. Ta fito da ƙunshin tsofaffin buhuna, a ninke, an ɗaure da igiya, ta yar a gabansu.

"Da na zubar da waɗannan ma, da me za ku kwashe?"

Direba ya buɗe baki zai yi dariya, Tela ta taka masa ƙafa.

Aikin da ya ci awa biyar da safe bai kai awa ɗaya da rabi ba da aka daina shari'a. Mama da kanta ta riƙe bakin buhu. Sau biyu hannunta ya bi wata roba zai ciro, sau biyu ta janye shi. Magunguna ta ce a ware su dabam a kai kantin magani su san yadda za su yi da su, kada wani yaro ya tsinta a bola. Maƙwabci ya kama wa Direba injin wanki suka fitar da shi waje. Buhu tara aka jera a ƙofar gida. Abin da ya rage a banɗakin baranda bokiti ɗaya ne, da soso, da sabulu guda, da tawul biyu masu kyau da aka shekara ana ɓoye wa baƙi. Tela ta kawo kujerar roba ta ajiye, ta buɗe famfo, ya yi tari, ya fesar da jan ruwa, sannan fari ya biyo.

Saura minti ashirin ƙarfe huɗu, Direba ya dafa madogarin ya shiga da taku biyu, ya juya kamar mai rawa, ya ce a tura wa likita.

Mama ta ce kada a tura. Ta ce ba haka Babansu yake tafiya ba. Ta karɓi madogarin ta koma bakin ƙofa. Ta tura shi gaba kaɗan, ta taka da ƙafar hagu, ta jawo ta dama tana share ƙasa da ita. Kwana goma sha tara tana zaune a gefen gadonsa, ta san takunsa fiye da likita. A hankali ta shiga, a hankali ta juya, ƙafar madogarin ta taɓi bokitin, ta ce a matsar da shi bayan ƙofa. Ta lallaba ta zauna a kujerar roba, ta saki hannunta na dama ya kwanta a cinya kamar nasa. Sai ta miƙa na hagu ta shafa bango har inda ya tsaya.

"A nan za ka buga ƙusar tawul," ta ce wa Direba. "Tela, kin ɗauka? To tura mata, kada ta tashi."