Rubutun Ƙasan Takarda

Hamdatu na cikin auna wa wata mata leshi sai wani mutum ya yi sallama, doguwa, har da jan murya. Ya sa kwat ya ɗora hula, katin kamfanin waya na lilo a wuyansa. Shekararta goma sha ɗaya da shago a unguwar Highbridge, nan ƙasar waje, ta ga irinsa har ta gaji. A da Turawa ake turowa. Yanzu kamfanonin sun yi wayo, mai jin Hausa suke ɗauka.

"Hajiya, sunana Muniru. An ce ke 'yar Maraɗi ce. Ai kakata ma can take."

"Wace unguwa?"

Ya yi dariya kawai, ya shimfiɗa takarda a kan leshin. "Kira Nijar ba iyaka, dala biyar a wata. Yau garaɓasar za ta ƙare. Saboda zumunci na fara da ke."

Zumunci. Hamdatu ta taɓe baki. Innarta na ƙauye, ƙaramar waya ce da ita, ba intanet, dole sai kira na kuɗi. Bara ta amince wa wani mai zaƙin baki irin wannan. Ranar da aka kwantar da Inna a asibiti, tsohuwar na cewa "Saurara in faɗa miki" layin ya yanke. Mintin da aka yi mata alkawari ko rabi bai cika ba.

Matan da ke shagon sun matso. Zaituna, maƙwabciyarta mai kitso, har ta fara laluben biro.

"Dakata," in ji Hamdatu. Ta ɗora yatsa a ƙasan takardar, inda rubutu ya yi ƙanƙanta kamar ƙwan kwarkwata. "Malam Muniru, tunda ɗan'uwa ne kai, karanta mana wannan. Da Hausa."

"Ai wannan dokoki ne kawai, Hajiya."

"Su muke so."

Ya gyara hula, ya share gumi. Ya fara, murya na raguwa. Dala biyar ɗin ta watan farko ce. Ba iyakan kuma wayar tebur ta Yamai ake nufi, ban da ta hannu.

"Wa ke da wayar tebur a garinmu?" in ji Zaituna. "Ko ofishin gwamna zan riƙa kira?"

"Ci gaba," Hamdatu ta ce.

Kowane kira da kuɗin haɗawa. Minti ɗaya a lissafa uku. Wanda ya fasa kafin shekara biyu, a ci shi tara.

Zaituna ta mayar da bironta cikin jaka. Muniru ya tattara takardarsa, ya sunkuyo. "Hajiya, mutum biyar ake nema a hannuna kafin Juma'a, ko su sallame ni. Ina da iyali."

"Mu daga sama muka faɗo?"

Ya fita ba sallama. Ta gilashi ta bi shi da kallo. Ya tsaya bakin titi, ya daidaita hular, ya sake ɗaura murmushinsa, ya tsallaka zuwa teburin Baba Abdou mai turare, tsohon da ko sunansa ba ya iya karantawa da boko.

Hamdatu ta ajiye almakashi, ta yafa mayafi.

"Zaituna, kula min da shago."