Mintuna Goma Sha Ɗaya a Benci na Huɗu

Duk wanda ya taɓa aiki a ofishin hukumar garin Harlan Ferry ya san takun Marlene Dubicki. Shekara ashirin da biyu tana shigowa da kwafin dokar bayanan hukuma a jaka, takardar ta sha ninki har ta fara rabewa a tsakiya, ta shimfiɗa ta a kan teburin ma'aikata ta ce a ba ta abu kaza. Ita ce ta tono yadda shugaban 'yan kwana-kwana yake zuwa kamun kifi da motar hukuma, har sai da ya ajiye aiki. Ma'aikata in sun hango motarta ta taga, nan take kowa zai tuna fitsari yake ji. Ba ta da ƙawaye da yawa, kuma ba ta je neman su ba. Mijinta Vernon ne kaɗai ke iya cewa, "Marlene, ya isa haka," ta yi shiru.

To Vernon ɗin ne ya mutu ranar wata Talata a tashar bas ta babban birni, mil arba'in daga gida. Likitan ido ya je gani, kuma da yake in an ɗiga masa magani ba ya iya tuƙi, sai ya bi bas. Yana zaune a benci na huɗu yana jiran motar komawa zuciyarsa ta tsaya. Takardar da aka ba Marlene ta ce an kira motar asibiti ƙarfe biyu da minti goma sha huɗu. Ba ta faɗi ƙarfe nawa ya faɗi ba.

Wannan giɓin ne ya hana ta sakat. Maƙwabta suka cika mata firiji da kwanukan taliya da cuku, ba ta buɗe ko ɗaya ba. So take ta gani da idonta minti nawa ya yi a ƙasa, su wa suka tsallake shi, ina mai gadin tashar yake. Sannan akwai abin da ba za ta faɗa wa kowa ba: so take ta ƙara ganin fuskarsa yana da rai. Da safen nan da ya ce mata ya tafi, ko kai ba ta ɗago daga jarida ba. Akwai kyamarar hukuma a saman bencin, kuma ta san hanyar da ake bi.

"Mama, ki je kawai ki ce ke ce matarsa," in ji 'yarta Gail a waya.

"Ke har yanzu yarinya ce. Ranar da suka ji matar mamaci ce ke nema, ranar za su miƙa wa lauyoyinsu, su ce akwai alamar shari'a a gaba. Shekara biyu ba za ki ga ko inuwar bidiyon ba. Na san mutanen nan kamar yunwar cikina. A can ba wanda ya san ni, haka zan shiga."

Kwana tara da rasuwar ta isa ofishin bayanai na birnin. Bayan gilashi wani mutum ne mai kamar shekara hamsin, yana tsotsar alewa, katin da ke rataye a wuyansa ya ce Curtis Oyler.

"Ina son bidiyon kyamarar tashar bas, wadda ke kallon benci na huɗu. Talata uku ga wata, daga ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi na rana."

Ya turo fom ta ƙarƙashin gilashin, bai ko dube ta ba. "Suna, adireshi, dalili."

Ta mayar masa da abinsa da yatsa ɗaya. "Ba ko ɗaya."

Sai a lokacin ya ɗago. "Madam, haka muke yi a nan."

"Yadda kuke yi daban, yadda aka rubuta daban." Ta zaro tsohuwar takardarta ta manna a gilashin. "Karanta, in an koya maka. Ba dole in faɗi sunana ba. Ba dole in faɗi dalili ba. Kyamarar nan da harajina aka kafa ta, kujerar da kake ɗumamawa ma haka."

Wani a layi ya yi dariya. Kunnuwan Oyler suka yi ja. Ya juya ga kwamfuta ya ɗan daddanna, ya tsaya yana karanta wani abu, sannan ya sake dubanta.

"Kina da wata alaƙa da abin da ya faru a wurin ran nan?"

"Kai ɗan sanda ne ko limamin coci? Aikinka ka miƙo, nawa in karɓa."

"Ba adireshi, ina zan aika miki?"

"Ina da ƙafa."

Ya yago mata lamba a 'yar takarda ya ce ta dawo bayan mako guda. Ta fita tana jin wani daɗi da rabonta da shi tun kafin jana'iza, domin Marlene irin mutanen nan ce da faɗa ke sa su cin abinci. Ran nan a hanyar komawa ta tsaya ta ci gasasshen naman kaza har da ƙari.

Ta dawo ran da aka ce. Bidiyon bai kammala ba. Oyler ya ce sai an tace bidiyon tukuna, kuma mai tacewa mutum ɗaya ne.

"A tace me? Shayi ne?"

"Akwai abin da ba a fitar wa jama'a haka nan." Ya cire alewar daga baki ya naɗe a takarda, ya rage murya. "Madam, mutumin da ke cikin bidiyon nan wani abu ne ya same shi. Idan har ke..."

"Idan ni me? Na san wannan wasan. Ka lallaɓa ni in faɗi abin da za ka rubuta, gobe in dawo ka ce magana tana wurin lauya. Kira min shugabanka."

"Ba sai an kai ga..."

"Kira min shi, ɗan nan, ko in hau sama da kaina."

Shugabar mace ce, ya girme ta sosai, ta sauko tana riƙe da kofin kofi. Ta saurari Marlene, ta juya ga Oyler a gaban layi gaba ɗaya ta ce matar tana da gaskiya, ba a tilasta wa mai nema ya bayyana kansa, kuma kada ta sake jin an yi. Oyler ya ce to. Shekararsa goma sha tara a wannan tagar, kuma ba a taɓa yi masa faɗa a gaban mutane ba. Fuskarsa ta rufe ruf.

A zuwa na uku ba gaisuwa, ba kallo. Ya ɗauko wata takarda ya karanta da muryar mai karanta sanarwa.

"An ce in tambaya, ba a ce dole ki amsa ba. A matsayin wa ake neman wannan bidiyo?"

"A matsayin 'yar ƙasa."

Ya rubuta a hankali, harafi bayan harafi, ya buga hatimi. "To, 'yar ƙasa. Ki dawo ran bakwai ga watan gobe."

Da Marlene tana cikin hayyacinta da ta lura cewa mutumin ya daina jayayya, kuma ma'aikacin da ya daina jayayya ba alheri ne ya kama shi ba. Amma ita nasara ta gani. Ta kira Gail daga cikin mota ta ce, "Na karya shi."

Ran bakwai ga wata, kwana talatin da huɗu ke nan da mutuwar Vernon, Oyler ya kai ta wani ɗan ɗaki mai tebur ɗaya da kwamfuta. Ya ce za ta iya kallo a nan kafin ta tafi da kwafinta. Ya kunna, ya koma bakin ƙofa ya harɗe hannu.

Ga tashar nan fes, rana ta hasko daɓen. Agogo a kusurwa yana tafiya. Ƙarfe biyu saura minti shida wani mutum ya shigo daga hagu cikin jaket ruwan ƙasa, yana ɗan jan ƙafar dama. Marlene ta dafe tebur. Ko a cikin mutum dubu za ta gane tafiyar nan. Amma a inda kansa ya kamata ya kasance, wani murabba'i ne ruwan toka, yana bin sa duk inda ya yi. Ya zauna, murabba'in ya zauna. Ya juya yana duban allon motoci, murabba'in ya juya da shi.

"Mene ne wannan?"

Oyler ya nuna mata allon kwamfutar da haɓa.

Biyu da minti goma sha uku mutumin ya dafe ƙirji, ya zame daga bencin zuwa ƙasa. Murabba'in ya girma ya rufe shi daga ƙirji zuwa sama. Marlene ta zuba wa agogon ido, domin abin da ta zo ƙirgawa ke nan. Daƙiƙa goma. Ashirin. Kafin arba'in ta cika wata ƙatuwar mata cikin kayan gadi ta shigo a guje, ta zube a gwiwa, tana magana cikin na'urar da ke kafaɗarta. Fuskarta a buɗe take, tunda ma'aikaciyar hukuma ce. Ta cire rigar samanta ta cusa a ƙarƙashin murabba'in. Ta kama hannun Vernon. Ba wanda ya tsallake shi, ba wanda ya yi sakaci. Babu faɗan da za a yi da kowa.

Minti goma sha ɗaya motar asibiti ta ɗauka kafin ta iso, kuma a mafi yawansu Vernon magana yake yi. Ba sauti, amma ana gani. Matar tana kai kunne kusa da tokar, ta gyaɗa kai, ta ba da amsa. Sau ɗaya ma har ta yi dariya, irin wadda ke ƙwace wa mutum, ta share ido da bayan hannu. Wato har a ƙasa yana zolaya. Marlene ta san yadda gefen bakinsa ke ɗagawa kafin ya saki magana irin wannan, kuma ga shi yana yi a gabanta, bayan wata toka mai kusurwa huɗu.

Ta miƙe tsaye. "Cire abin nan."

"Ba a nuna wa jama'a fuskar mutum yana mutuwa, Madam. Don mutuncin iyalinsa."

"Ni ce iyalinsa!" Muryarta ta fashe har ta ji kunyar kanta. "Mijina ne. Vernon Dubicki. Shekara arba'in da ɗaya da aure. Ga katina, ga takardar mutuwar, ga duk abin da kake so."

Ta zazzage jakar a kan tebur. Oyler ya dubi takardun daga inda yake tsaye, bai matso ba.

"Da matarsa ce ta nema, fom daban ne, mai shafi ɗaya. Ana ba ta yadda yake, ba a taɓa komai."

"To ba ni fom ɗin."

"Na'urar tashar kwana talatin take riƙe hoto, sai sabo ya hau kan tsoho. Abin da muke ajiyewa shi ne abin da aka nema, yadda aka bayar da shi. Na asalin ya goge tun ran Alhamis."

Ta tsaya tana kallon sa. Ta jima tana ganin ƙarya a fuskar ma'aikata, ta san kamanninta, kuma babu ita a nan.

"Ka sani," ta ce. "Tun ran farko ka gane ni."

"Na yi zato. Sau uku na tambaye ki."

"Ka tambaya, ba ka faɗa min dalili ba!"

"Na fara faɗa, kika kira min shugaba." Ya gyara katin wuyansa. "Bayan nan na duba dokar taki da kyau. Ba inda ta ce dole in faɗa miki dalili."

"Allah ya isa tsakanina da kai, Curtis Oyler. Kai ba mutum ba ne."

"Ni ma'aikaci ne, Misis Dubicki. Abin da 'yar ƙasa ta nema shi na ba ta." Amma bai iya haɗa ido da ita ba da ya faɗa. "Muna rufewa ƙarfe huɗu. Kwafinki na kan tebur."

Ya fita ya ja ƙofar.

Marlene ta daɗe a tsaye. A kanta har ta fara jera abin da za ta yi, domin kan ya saba: ƙara zuwa ga shugabar, wasiƙa ga jarida, neman duk saƙonnin da Oyler ya aika a watan nan. Za ta iya samun sunan mai gadin ma, ta je ta tambaye ta abin da Vernon ya ce, kuma matar za ta faɗa. Duk za ta iya. Babu ɗaya a ciki da zai dawo mata da fuskar, kuma ta san bakinta ne ya jawo.

Ta zauna ta mayar da bidiyon baya zuwa inda matar ta yi dariya, ta tsayar. Ta matso da kujera har numfashinta na taɓa gilashin kwamfutar. Sannan ta sa farcen babban yatsanta a gefen murabba'in, ta fara kankara a hankali.