Takalmin Wendell

Hoton mijina yana jikin kowace kwalba da muke sayarwa. Wendell ne tsaye a gonarmu ta ceri, wasu ƙananan 'ya'yan itace jajaye, ƙafa ɗaya bisa tayar tarakta, yana washe baki. A ƙasa an rubuta cewa tun da ya fara shan ruwan ceri mai tsami, gawut ta rabu da shi. Gawut dai ita ce ciwon nan da ke kama babban ɗan yatsan ƙafa, ta sa ƙato kuka.

Lokacin da aka ɗauki hoton, maganar gaskiya ce, ko dai haka muka ɗauka. Ciwon ya lafa 'yan shekaru, ɗanmu Curtis kuwa, mai idon kasuwa, ya hango abin da ba mu hango ba. A shekarun nan farashin ceri ya faɗi warwas, maƙwabta suna ta tuge bishiyoyinsu suna sayar da filaye ga masu gina gidajen hutu a bakin tafki. Ruwan kwalbar nan ne ya riƙe mana gonar, ba na musun wannan.

Saboda haka duk lokacin girbi Wendell na rumfarmu ta bakin titi tun safe. Baƙi daga Detroit da Chicago sukan tsaya, su dubi kwalba, su dube shi, su ce ya buga ƙafa su gani. Shi kuma sai ya daki katakon rumfar da ƙafar dama har kwalabe su yi ƙara. A yi dariya, a saya.

Bana ciwon ya dawo, ruwan ceri kuwa bai fasa sha ba ko rana ɗaya. Yatsan ƙafar dama ya kumbura ya yi jajir, ko bargo ya taɓa shi sai ya ciji leɓe. Na yi magana har bakina ya gaji a kan ya je asibiti, ya ƙi. Ya ce mai karɓar baƙi a asibitin 'yar maƙwabcinmu ce, kafin ya iso gida labari ya riga shi. Curtis kuma kada in kuskura ya ji, yaron ya zuba duk abin da ya mallaka a injin cika kwalba, ga 'ya'ya ƙanana.

"Lorraine, yaron nan da zai sani, a ranar zai zaunar da ni," in ji shi. "To sai wa ya tsaya a rumfar? Ke, da wannan fuskar taki ta hukuma?"

Haushi ya cika ni, tausayinsa ma ya cika ni. Kullum da safe ni ke tura ƙafar cikin takalmin fata, yana riƙe da kujera yana zufa.

Ran Asabar wata doguwar mota ta sauke tsofaffi. Wani mai dogara sanda, wanda daga tafiyarsa ka san ciwonsu ɗaya, ya ce da Wendell ya buga masa ko zai samu ƙarfin gwiwa. Wendell ya buga. Na ga jini ya bar fuskarsa, amma murmushin yana nan inda ya ajiye shi.

Da yamma takalmin ya ƙi fita. Ina durƙushe a kicin ina farke shi da almakashin yankan rassa, sai ga Curtis ya shigo neman makullin tarakta. Ya tsaya yana kallon ƙafar. Wendell bai yi ƙoƙarin ɓoye ta ba.

"Ka gani dai, Curtis," ya ce.

"Sannu, Baba," in ji Curtis, ya ɗauki makulli ya fita.

Abin mamaki, sai na ga mijina ya saki jiki, kamar wanda aka sauke wa buhu daga ka. Ya ɗora ƙafar bisa matashi, ya ci abinci har da ƙari, yana ta lissafin yadda zai je asibiti ran Litinin, daga nan ya zauna a baranda ya yi ta kallon tafki har girbi ya wuce. Har tsokanata ya yi, wai in fara koyon fara'a saboda baƙi. Rabon da in ji dariyarsa ta gaske na manta.

Da sassafe Curtis ya dawo da kwali a hammata. Idanunsa sun nuna bai yi barci ba, kuma bai iya haɗa ido da kowa ba. Ya ajiye kwalin a gaban ubansa. Sabbin takalma ne, irin waɗancan sak, sai dai sun fi su girma sosai.

"Ba wanda zai lura, Baba," ya ce a hankali. "Ka riƙa bugawa da hagu. Akwai motocin baƙi biyu yau."

Na buɗe baki zan wanke shi tas, Wendell ya dafa hannuna. Ya daɗe yana kallon takalman. Sannan ya ce in miƙo masa safa, mai laushin.