Jan rubutun da ya ɓace daga sunan Dije

Shekara goma sha ɗaya na yi ina riƙe da ɗakin kati a asibitin Dokta Nasir da ke Rano kafin a kawo kwamfuta. Da ta zo sai aka mai da ni bakin ƙofa ina ba marasa lafiya lamba, aka ɗauko Ja'afaru, ɗan garin Lausu da ya yi karatu a Kano, ya riƙa kula da ita. Ɗakinsa ne kaɗai mai sanyi a asibitin. Har wata tsaka ta tare a bayan akwatin kwamfutar, fara fat kamar ba ta da jini, nakan shiga in dube ta.

Manhajar da ke riƙe sunayen marasa lafiya wani kamfani ne a Kano ya sayar wa Dokta. Tun ranar farko ta ƙi karɓar mutum sai an rubuta ranar haihuwarsa. Mu kuwa a nan in ka tambayi tsohuwa sai ta ce shekarar da aka yi fari, ko shekarar da kwalta ta iso. Ja'afaru ya yi ta kiran kamfanin su cire wannan sharaɗi, suka ce haka aka ƙera ta. Da ya gaji ya ce duk wanda bai sani ba a sa masa ɗaya ga Janairu, a kintaci shekara. Haka rabin ƙasar Rano da Kibiya suka zama 'yan rana ɗaya. Na daɗe ina tausayin ungozomomin da suka yi aikin wannan rana.

Wata Alhamis a cikin Sha'aban, bayan la'asar, na shiga duba tsakata na tarar da Ja'afaru yana gumi a cikin sanyin nan.

"Baba Lado, mutum ɗari shida sun ɓace."

"Ina suka je?"

"Jiya kamfani suka sabunta manhajar daga can, ba su gaya mini ba. Yanzu duk mutum biyun da ta gani da suna ɗaya, gari ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, sai ta ɗauka an maimaita ne ta haɗe su."

Ya buga musu waya ya sa ta a fili, muna ji tare. Wani mai sanyin murya ya ɗauka.

"Yallaɓai, ka kashe ka kunna?"

"Na kashe na kunna. Ku mayar mini da ta shekaranjiya."

"To ai injiniyanmu yana Kaduna wurin ɗaurin aure, sai Litinin. Amma yallaɓai, wa ya sa wa mutane ranar haihuwa ɗaya? Mu manhajarmu aikinta ta yi."

Ja'afaru ya kashe wayar. Idonsa na kan jerin waɗanda suka zo da safe. Ya ɗora yatsa a kan wani suna.

"Dije Mato, Zinyau. Baba, su biyu ne. Ɗaya jikinta ba ya son fensilin. Shekara uku da suka wuce an yi mata allurarsa a nan, wuyanta ya kumbura, da ƙyar aka ceto ta. Ni na rubuta gargaɗin da ja a kan sunanta. Duba, babu shi."

A ƙarƙashin sunan an rubuta cewa yau an ba ta ƙwayoyin ciwon haƙori, 'yan gidan fensilin ne.

Akwai lambar waya. Ya kira. Aka miƙa wa wata mata, ta ce ita ce Dije, lafiyarta ƙalau, rabonta da Rano tun kaka. Ja'afaru ya ajiye wayar a hankali. Ya fita ya kira Sista Juwairiyya, wadda ta ba da maganin.

"Wadda kika ba, yaya take?"

"Tsohuwa ce, tana ɗingishi. Me ya faru?"

"Da ƙarfe nawa ta tafi?"

"Tun sha ɗaya."

Da muka gaya wa Dokta bai yi faɗa ba, abin da ya ƙara tsorata ni ke nan. Motar asibiti ta kai mai naƙuda Kano. Ya ce Ja'afaru ya ɗauki babur, in ya same ta da rai kuma ta sha, ya ɗauko ta ko da goyo ne. Ni aka ce in hau baya saboda na san gidajen Zinyau.

Ja'afaru bai iya gudu ba, amma ranar ya yi. Ban ji ya ce komai ba sai salati, sai kuma can ya ce, "Ni na ce a sa ɗaya ga Janairu." Na ce ya dubi hanya. Gonaki duk an share ana jiran ruwa. A wata kwana muka hango maza sun taru a gindin tsamiya, ya rage gudu har babur ya kusa mutuwa. Mun ɗauka zaman makoki ne. Da muka matso, ashe saniya ake ciniki.

A bakin masallacin Zinyau ya tambayi gidan Dije Mato, aka nuna mana gidan wadda muka yi waya da ita. Ya ce ba ita ba, ɗayar, aka ce Dije Mato ɗaya ce a garin. Ya juyo ya dube ni.

Sai na tuna katinta, mai ɗigon manja a gefe. Sunan kakarta ta ci, shi ya sa tun tana jaririya ba mai kiranta da shi a gidansu, kunyar sunan ake ji. Na taɓa rubuta sunan da ake kiranta da fensir a bayan katin. Kwamfuta kuwa gurbin suna ɗaya gare ta.

Na ce, "Uwa muke nema, mai ɗingishi."

"Au, Uwa ta gidan Mato mai rake. Ga shi can bayan rijiya."

Ba mu ji kuka ba da muka isa, ba mu kuma ji motsi ba. Muka yi sallama sau biyu. A ta uku aka amsa, aka ce mu shigo. Tana zaune a tabarma ta ɗaure haɓa da ɗankwali, kuncinta ya kumbura. Ja'afaru ya ga kumburin ya dafa bango.

"Iya, kin sha maganin?"

"Kai kuma daga ina, ko gaisuwa babu? Malam Lado, ɗanka ne wannan?"

"Iya, don Allah, kin sha?"

Ta kwance bakin zaninta. Ƙwayoyin na nan a 'yar leda, ja da rawaya. Ya karɓa ya ƙirga a tafin hannunsa, ya sake ƙirgawa. Ba wadda ta yi ciwon kai. A gefen tabarmar ga kofin ruwa an rufe da faifai, ga dabino biyu.

"Ramuwar azumi nake yi, saura kwana uku, ga Ramadan ya ƙarato. In karya saboda haƙori? Jira nake a kira magariba in haɗiye biyu."

Na dubi rana. Ta riga ta sauka kan katanga.

Ja'afaru ya durƙusa ya ce maganin irin allurar nan ne da ta kusa kashe ta. Ta ce ita allura ce ba ta sonta, ba ƙwaya ba, ta miƙo hannu a ba ta abinta. Sai da na sa baki na ce gobe za a kawo mata wani har gida. Ta ce to wannan daren fa, wa zai kwana da haƙorin? Ja'afaru ya zuba ƙwayoyin a aljihu ya maɓalle.

A bakin rijiya ya kira Dokta ya gaya masa, ya roƙe shi kada a sake ba kowa magani da abin da kwamfuta ta nuna. Bayan ya kashe wayar bai tada babur ba.

"Baba, saura ɗari biyar da casa'in da tara. Ban san su duka da ka ba. Katunan da, an ƙone su?"

An ce in ƙone, ban ƙone ba. Buhu bakwai ne, suna rumbun gidana. Na gaya masa haka, na kuma gaya masa gaskiya, cewa bara na buɗe na ƙasa na tarar gara ta shiga. Ta cinye wasu sunayen ta bar garuruwansu, wasu kuma sai hoton yatsa ya rage.

"Buhu nawa ta taɓa?"

"Biyu na gani. Ban duba sauran ba."

Aka kira salla. Muka yi alwala a bakin rijiyar. Da aka sallame ya tada babur, muka nufi gidana.