Hoton da Lauyan Kamfani Ya Haska

Kai ne, Delbert Pruitt, shugabanmu a wurin aiki. Kai ka mayar da ni bakin aiki ran da ƙayar tarwada ta huda min hannun dama. Ka ce a ɗora ƙanƙara a ba ni ƙwaya, kifi ba ya jiran kowa. Na koma na ci gaba da fiɗa da hannu a kumbure, don a masana'antarku ta kifi duk wadda ta tafi asibiti, washegari wata ce tsaye a wurinta.

Raunin ya warke, tabon ma sai an duba da kyau. Amma wutar da ke cin hannun ba ta mutu ba. Iskar fanka ƙuna ce, hannun riga ƙuna ne. Da shekara ta zagayo sai ta tsallaka hannun hagu, wanda ko ƙwarzane bai taɓa yi ba.

Yau aka zaunar da mu gaban alƙalin diyyar ma'aikata a Greenwood. 'Yata Lavern ce ta kai ni, ita ta buɗe min mota, ita ta riƙe jaka.

"Mama, don Allah ki bar lauya ya yi magana," ta ce.

"Shi ƙayar ta soka?"

Likitar jijiyoyi ta fara. Yarinya ce ƙarama, amma ba ta kewaye-kewaye. Ta ce ciwon ya bar fata tuntuni. Jijiyoyin sun daɗe suna kai ƙarar zafi, har laka da ƙwaƙwalwa suka saba, yanzu ko shafa aka yi, zafi suke ji. Ta ce haka yake kama ɗaya hannun, kuma da an kula da wuri, wataƙila da bai kai nan ba. Kana zaune a baya kana latsa waya.

Sai lauyanku ya haska hoto a bango. Ashe kun sa wani yana bina da kyamara. Ƙofar cocinmu ce. Ga ni, ga mijina Cleophus, hannuna cikin nasa.

"Misis Tubbs, wannan ke ce?"

"Ai kana da ido."

"Da hannun da kika ce ko zanin gado ba ya iya taɓawa?"

To bari ka ji abin da mai kyamararku bai ɗauko ba. A gidanmu ba a kai loma baki sai an riƙe hannuwa an yi addu'a. Tun da muka yi aure Cleophus ne a damana, da tafinsa mai kaushi, da warin man tarakta wanda sabulu bai taɓa fitarwa ba. Da wutar nan ta kama ni, sai ya koma ajiye hannunsa a kan tebur kusa da nawa, ba ya taɓawa. Haka muke addu'a, jikoki suna satar kallo.

Lahadin da za a kwantar da shi a yi masa aikin zuciya, muna fitowa daga coci ya ce, "Ozella, tsohuwa mai faɗa, ara min hannun nan kaɗan, ba guduwa zan yi da shi ba."

Na ba shi. Kamar na tsoma shi cikin man suya. Ban saki ba har muka isa mota, na wuni ina amai don azaba. Cleophus bai fito daga asibitin ba.

Lauyan yana ta magana, ni ban ji komai ba. Hular Cleophus nake kallo a hoton, a karkace kamar kullum. Yana dariya. Ban san akwai hoton ranar a duniya ba.

"A ƙara girmansa," na ce.

Alƙali ya ɗago kai. "Me kika ce, Misis Tubbs?"

"Fuskarsa nake so in gani. In kun gama ƙaryata ni da shi, ku ba ni kayana."

Lauyan ya ce hoton shaidar kamfani ne, ya kashe injin. Bango ya koma fari. Lavern ta miƙo hannu za ta dafa ni, ta tuna, ta janye.

An ɗaga zaman zuwa wata mai zuwa, kuma zan dawo. Ka zo min da hoton nan a takarda, Delbert Pruitt. Kada ka turo lauya. Ka tashi tsaye gaban alƙali da bakinka ka gaya min kifin waye ya fi shekarun da mijina ya yi hannunsa na kan tebur yana jiran nawa. Ka amsa min.