Layin da Sa'adatu ta Goge

Da hantsin ranar Asabar Sista Rifkatu ta shigo, Sa'adatu tana tsakar gida tana shanya. Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu a Tarauni shekara goma sha biyu ke nan. Rifkatu nas ce a wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke Gyadi-Gyadi, Sa'adatu kuwa ita ta rubuta manhajar da asibitin ke aiki da ita a kwamfuta. Rifkatun ce ma ta yi mata hanya, ta kama hannunta har gaban mai asibitin, Dakta Zakariyya, ta ce, "Ga 'yata nan, kanta yana ja."

Yau babu wannan fara'ar. Ta zauna a kan turmi ba tare da an ce ta zauna ba.

"Sa'a, takarda nake so ki buga mini. Dakta ya ce Litinin in kawo a rubuce cewa laifina ne, in ajiye aiki."

"Subhanallahi! Sista, me ya faru?"

Ga abin da ya faru. Ranar Laraba wata mata mai suna Hasana, matar wani mai adaidaita, ta kawo jaririnta Mubarak, ɗan wata takwas, jikinsa zafi zau. Sikelin jarirai ya lalace tun watan jiya, saboda haka dabarar da suke yi ita ce uwa ta hau babban sikeli da ɗa a hannu, sannan ta miƙa ɗan ta sake hawa ita kaɗai, a ɗebe nata nauyin. Hasana ta hau da yaron, kilo sittin da huɗu. Rifkatu ta shigar da lambar don kada ta manta, da niyyar gyarawa in an yi awo na biyu. Sai ga mai naƙuda an shigo da ita ranga-ranga, Rifkatu ta ruga. Kwamfuta ta karɓi jariri mai kilo sittin da huɗu ba ta ce uffan ba, ta lissafa masa magani murfi huɗu maimakon rabin murfi. Uban ne ya je taga ya karɓo, mai ba da magani bai ko ga yaron ba. Yanzu Mubarak yana ɗaki na uku ana yi masa ƙarin ruwa. An ce zai tashi, da yardar Allah.

Zanen da ke hannun Sa'adatu ya faɗi ƙasa. Ta san abin da Rifkatu ba ta sani ba.

A sana'arsu, ba ya isa ka ba manhaja abin kirki ka ga ta yi aiki. Sai ka ba ta shirme da gangan, ka tsaya ka ga ta ƙi karɓa. Sa'adatu ta iya wannan sarai, kada wani ya ce rashin sani ne. Da hannunta ta rubuta gwajin: a ba manhaja jariri mai nauyin babban mutum. In ta yi ƙara ta tsaya, gwaji ya nuna kore. In ta haɗiye ta yi shiru, ya nuna ja. Ranar da take koya wa ma'aikata ma har da bugun ƙirji ta ce, "Sista, ki kwantar da hankalinki. Ranar da hannunki ya kuskure, wannan abar za ta yi miki ihu."

To, a makon farko abar ta cika ihu. Yawancin masu zuwa daga ƙauye ba su riƙe ranar haihuwa ba, mai yankan kati sai ya cika abin da ya zo masa, dattijo da gemu ya fito ɗan shekara biyu. Kwamfuta ta tsaya, layi ya kai bakin titi. Dakta ya kira Sa'adatu ya ce, "Malama, wannan abin naki ya cika ƙorafi. Ki gyara shi yau."

Gyaran gaskiya kwana biyu zai ci. Ita kuwa ranar ana kamun 'yar ƙanwar babarta a Hotoro, lalle bai gama bushewa a ƙafarta ba, waya sai ƙara take yi. Sai ta kashe gargaɗin gaba ɗaya, ta ce wa ranta jibi za ta dawo kansa. Ta kunna gwaje-gwaje. Ɗari da sha ɗaya kore, ɗaya ja. Jan nan bai yi mata ƙarya ba, aikin da ta sa shi ya yi. Amma Dakta yana jiran takarda mai nuna komai lafiya. Ta dubi jan, ta dubi agogo, ta goge layi ɗaya tak, layin da ke cewa in ba a ji ƙara ba a nuna ja. Nan take ya koma kore. Ta buga takarda, ta sa hannu, ta tare adaidaita.

Jibin nan yau wata biyar ke nan.

"Sa'a, kina jina kuwa?"

"Ina ji, Sista."

Kuna tsammanin ta faɗa? Ina! Ɗaki ta shiga ta ɗauko kwamfutarta, ta ɗora a cinya. Rifkatu tana faɗa tana bugawa: "Ni, Rifkatu Istifanus, na amsa cewa sakacina ne ya jawo..." Wallahi ta buga, harafi bayan harafi, har da gyara mata waƙafi. Matar da ta yi jinyar babar Sa'adatu sati uku ba ta karɓi ko sisi ba. Matar da shekara ashirin da shida tana wannan aiki ba a taɓa kiran sunanta da sharri ba.

Da suka gama Rifkatu ta share ido da gefen ɗankwali ta ce, "Abin da ya fi damuna, ban ji ƙarar nan ba. Kin ce za ta yi ƙara. Ko ta yi ne kunnena bai ji ba? Tsufa ne ya zo, Sa'a."

"Wataƙila hayaniya ce ta yi yawa," in ji Sa'adatu.

Maganar tana fita ta ji ta tsani bakinta. Rifkatu ta yi godiya, ta sa mata albarka, ta tafi.

Sa'adatu ta zauna a wurin har aka kira azahar. Can ta buɗe fayil ɗin gwajin, ta mayar da layin da ta goge. Ba ta manta ko harafi ɗaya ba. Ta kunna. Ja. Ta sake kunnawa kamar mai neman a yi mata alfarma. Ja dai. Kunya ta rufe ta, irin wadda ke sa mutum ya kasa haɗa ido da ƙannensa. Babarta ta turo mata shinkafa da wake, haka ya huce a kwano. Ranar Lahadi ta ji Rifkatu ta dawo daga coci, ta ji ƙarar ƙofarta, ta kasa leƙawa ta ce sannu da zuwa.

Litinin da safe ta riga Rifkatu fitowa titi.

"Ina zuwa haka da jaka?"

"Raka ki zan yi, Sista."

"Allah sarki, 'yar albarka."

Da ta zage ta da ya fi mata sauƙi.

Dakta Zakariyya yana zaune, takardar ajiye aiki tana gabansa, ya ɗauki biro. Sa'adatu ta ce, "Ranka ya daɗe, kafin ka sa hannu, ka ba ni minti biyu." Ta jawo kwamfutar ofishin, ta buɗe sabon kati, ta rubuta wata takwas, kilo sittin da huɗu. Ta danna. Shiru. Ta goge ta rubuta kilo ɗari uku. Kwamfuta ta karɓa, ta lissafa magani tsaf.

"Ba ta yi ƙara ba ranar Laraba," ta ce. "Wata biyar ba ta yi ba. Ni na kashe ta. Gwaji ya nuna mini ja, na rufe masa baki, na kawo maka takarda na sa hannu. Sista ta yi kuskure irin wanda aka ɗauke ni aiki in tare. Ni kuwa ina sane."

Dakta ya ajiye biron. Ya tura wa Rifkatu takardarta ya ce ta koma bakin aiki. Ya ce da Sa'adatu maganarsu tana nan, ba yau ba.

A baranda Sa'adatu ta durƙusa. "Sista, ki yafe mini."

Rifkatu ba ta ɗaga ta ba. Ta ninke takardar gida huɗu ta sa a aljihu.

"Kina kallona ina cewa kunnena ne," ta ce a hankali. "Nawa mai sauƙi ne, Sa'adatu, aikina ya dawo. Yarinyar can Hasana, uwar yaron, kwana biyar ba ta ci abin kirki ba. Ba ta iya karatu ba, ta ɗauka ita ce ba ta gane murfin da aka ce ba. Mijinta ma haka ya ɗauka. Na ce mata laifina ne, ta ce rarrashinta nake yi. Ita za ki gaya wa."

Ɗaki na uku yana ƙarshen baranda, labulensa a sake. Ta gefen labulen Sa'adatu ta hango wata yarinya da ba za ta wuce shekara ashirin ba, zaune a ƙasa, ta riƙe ƙafar jaririn da hannu biyu. Sa'adatu ta cire takalmi. Ta yi sallama.

"Wa'alaikumus salam," in ji Hasana, tana gyara mata tabarma. "Shigo, baiwar Allah. Ke ma dubiya kika zo?"