Rabin Manaja

Firintar na bisa kansa, wayarta na jan ƙasa a bayansa kamar wutsiya, lokacin da Mai Walda ya hango shi yana tsallako titi.

"Kai, Rabin Manaja! Yau fa Laraba ce, ba ranarmu ba. Ɓatan hanya ka yi?"

"Janye kekenka ka ba ni wuri, wuyana zai karye."

Mai Walda ya murza ƙafar kekensa ya matsa gefe yana dariya. Shi ya laƙa masa sunan, kuma bai yi ƙarya ba. Ƙungiyar da ke gyara kekunan guragu kyauta ba ta da ƙarfin riƙe cikakken manaja, sai ta ɗauki rabi. Talata da Alhamis yana nan, Litinin da Laraba yana gidan burodin tsallaken titi, Juma'a yana makarantar koyon tuƙi. Kowannensu yana biyan ɗan abin da ya sawwaƙa, kowannensu kuma yana kiran sa a waya kamar shi ya haife shi.

Yau ya ari Larabar mai burodi ne saboda baƙuwa daga wata gidauniyar ba da tallafi. Tallafin da ke hannunsu zai ƙare a ƙarshen wata, in gidauniyar ba ta ba da sabo ba sai a garƙame shagon, da Mai Walda da kekuna goma sha bakwai da ke jiran gyara kowa ya kama gabansa. Bara sun nema sun sha ƙasa. Mutumin da aka turo ya leƙa ofishin, ya ga benci ɗaya da fanka mai fiffike biyu, ya koma ya rubuta cewa ƙungiyar ba ta da tsarin gudanarwa. Abin ya yi wa Rabin Manaja zafi, ya rantse bana sai sun ga gudanarwa har ta ishe su.

Don haka ya ɗauko teburin mai burodi da firintarsa, ya jero kujeru shida na makarantar tuƙi, ya kwance labulen ɗakin Shugaba, shi kuma ya shiga cikin kwat ɗin ƙanen matarsa, wadda ta tsaya masa a gwiwar hannu.

Shugaba ta shigo ta riƙe baki. Tsohuwar malamar asibiti ce, ita ta kafa ƙungiyar da kuɗin sallamarta.

"Ikon Allah! Ɗan nan, wallahi sai ka ce banki."

"Ranki ya daɗe, kada dai ki jingina da kujerar ƙarshen can, bulo ne ya tokare ƙafarta."

Baƙuwar ta iso sha ɗaya saura, matashiya ce mai tabarau da kwamfutar hannu. Ta zauna ta buɗe shirin dogaro da kai da ya yi hutun ƙarshen mako uku yana rubutawa, shafi arba'in cif. Ta karanta na farko da na ƙarshe, ta ce ya yi kyau ƙwarai. Sai ta ɗaga takardar ta shinshina.

"Kamar ƙanshin bota nake ji."

"Iska ce ke kawo shi daga tsallake," in ji shi. Daidai nan wayarsa ta hau ruri. Mai burodi ne, yana ihun da kowa a ɗakin ya ji, wai yis ya ƙare kuma ina aka kai masa tebur. Rabin Manaja ya kashe wayar ya gyara kwat. "Ɗaya daga cikin abokan hulɗarmu ne."

A shagon gyara minti huɗu ta yi. Ba ta tambayi keken wa ake gyarawa ba, ba ta tambayi inda ake samo ƙarafa ba. Ta dai saita kwamfutarta don ɗaukar hoton Mai Walda, wanda ya washe baki don karramawa.

"Baba, ɗan rage murmushin. Masu ba da kuɗi sun fi son su ga buƙata."

Mai Walda ya haɗe fuska, kuma ba sai da ya yi wani ƙoƙari ba.

Da suka koma ofis ta bi ɗakin da kallo a hankali, daga labule zuwa firinta, daga firinta zuwa kwat.

"Tsarinmu ya canza bana," ta ce. "Mun gaji da ƙungiyoyin da ofis ke cinye tallafi. Duk wadda gudanarwarta ta haura kashi goma cikin ɗari ba ma ba ta. Ku naku sha tara ne, ga shi kuma na ga inda yake tafiya."

Shugaba ta buɗe baki za ta ce ai duk na aro ne, Rabin Manaja ya taka mata ƙafa a ƙarƙashin teburin mai burodi. In suka faɗi gaskiya sun koma hukuncin bara, ga ƙarin sunan maƙaryata. An gudu gara an faɗa gidan zago.

"Ku sayar da tarkacen nan ko ku yi yadda kuka ga dama," in ji baƙuwar tana miƙewa. "In sabon lissafi ya same ni kafin ƙarfe biyar, zan sa muku hannu."

Bayan tafiyarta ya zauna shi kaɗai da takardar. Babu kujera a cikinta, babu labule, babu firinta, don ba a taɓa sayen ko ɗaya ba. Layi uku ne kacal a ƙarƙashin gudanarwa: haya, wuta, da manaja. Ba a walda ba wuta, ba a kuma yin ta a kan titi. Ya juya takardar ta kowace fuska, kamar yadda ya saba juya wa mai burodi tasa in yana neman wanda za a sallama, amsar ba ta canza ba. Talata da Alhamis su ne kuɗin makarantar 'yarsa ta fari. Tsoro ya kama shi, sannan haushi, don ya san da wani manajan ya kawo masa wannan lissafin, da ko minti biyu ba zai yi ba zai nuna masa layin.

Daga shagon ƙarar walda ta taso. Ya ciro biro daga aljihun kwat ɗin ƙanen matarsa ya ja layi a kan manaja. Gudanarwa ta koma kashi tara. Ya buga da firintar aro, ya sa hannu, ya tura biyar saura kwata.

Shugaba ta karanta, idonta ya cika da ƙwalla, ta yi ta sa masa albarka har ta kai kan jikokin da bai haifa ba. Sai ta share hawaye ta ɗan yi gyaran murya.

"Amma ɗan nan, gobe Alhamis za ka zo ko? Ka san mutanen nan rahoto suke so duk wata uku, kuma babu wanda ya iya sai kai."

Ya dube ta. Da gaske take, ko ɗigon kunya babu a fuskarta.

Ya naɗe labulen ya miƙa mata, ya cire kwat ɗin ya ninke, ya ɗora firintar a ka. A bakin ƙofa ya tarar da Mai Walda ya ajiye tabaran aikinsa a cinya. Labari ya riga ya kai shago.

"Manaja," in ji Mai Walda.

Rabin Manaja ya tsaya yana jiran sauran sunan, ko wata tsiyar da za ta biyo baya. Babu abin da ya biyo. Mai Walda ya sunkuya ya tattaro wayar da ke jan ƙasa, ya naɗe ta tsaf ya saka masa a hannu.

"Ka ce wa Shugaba ƙarfe tara," in ji Rabin Manaja, sannan ya duba hagu da dama ya tsallaka titi.